Mazurari a Cikin Zuciya

Bahaushe ya raɗa wa mai tiyata suna likitan fiɗa, kuma na daɗe ina ganin sunan bai yi masa adalci ba, don fiɗa aikin mahauci ne a kan dabbar da rai ya riga ya bari. Sai da na fahimci wani aiki guda da ake yi a cikin zuciya na janye ƙorafina. Duk wanda ya taɓa tsugunawa kusa da gwanin mahauci ranar layya ya ga abin da nake nufi. Ba ya sara, ba ya gaggawa. Hannun hagu na jan fata, bakin wuƙa na bin farin tantanin da ke tsakaninta da nama, kaɗan-kaɗan, wani wurin ma ajiye wuƙar yake yi ya cusa dunƙulen hannu. In ya karkata ciki ya ɓata nama, in ya karkata waje ya huda fata, majemi kuwa ba ya sayen hudajjiyar fata da daraja. To akwai likitocin da ke irin wannan fiɗar a cikin zuciyar ɗan Adam. Abin da suke ɗayewa bai fi ƙyallen ɗankwali kauri ba, sannan mai zuciyar zai farka ya ci gaba da rayuwa da abin da suka ɗinka masa, ana fatan har tsufa.

Zuciya gida ce mai sassa biyu, dama da hagu, kowane sashe da zaurensa da ɗakinsa. Jinin da ya gama zagaya jiki ya sauke iskarsa yakan dawo zauren dama, ya gangara ɗakin dama, ɗakin ya matsa ya tura shi huhu ya ɗauko sabuwar iska. Tsakanin zauren da ɗakin akwai bawul mai labule uku. Labulen na buɗewa jini ya wuce, ɗaki na matsawa su haɗe baki su rufe, wasu siraran igiyoyi kuma na riƙe da gefensu daga ƙasa don kada su kife su koma zaure kamar lemar da iska ta juya. Wannan buɗewa da rufewa na faruwa wajen sau 100,000 kowace rana.

Labulen nan ba daga wani wuri ake kawo su ba. Tun ɗan tayi na ciki, daga bangon ɗakin suke saɓulewa a hankali har su sami sakewa. Wato jiki da kansa yake yin fiɗar farko. A wasu jarirai ƙalilan fiɗar ba ta kammaluwa. Labule biyu, na jikin katangar tsakiya da na ƙasa, sukan zauna manne da bango, inda suka fara sakewa ya nutse can cikin ɗaki. Na ukun, na gaba, yakan fito da faɗi kamar babbar riga a igiyar shanya, amma an ɗaɗɗaure shi da bango nan da can, wani lokaci kuma duk huji ne. Sakamakon shi ne kamar a ciro ƙofar ɗaki a dasa ta a tsakiyarsa: rabin ɗakin ya zama zaure, bangonsa ya yi siriri ya saki, abin da ya rage na ɗaki ya ƙanƙance, ƙofar kuma ba ta rufuwa. Kowane bugu, jini mai yawa na komawa baya. Zaure ya yi ta kumbura, har a wasu hotunan ƙirji ka ga zuciya ta cika daga haƙarƙarin dama zuwa na hagu.

Mafi yawan masu wannan larura suna da kafa a katangar da ta raba zauren dama da na hagu, sai jinin da bai je huhu ba ya tsallaka ya shiga jiki. Daga nan leɓe da farce ke yin shuɗi, yaro ya yi ta haki in ya ɗan yi gudu. Ta wannan kafar ce kuma gudan jini zai iya bi ya je ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Wasu, tsakanin ɗaya zuwa uku cikin goma, suna da ƙarin matsala: wutar da ke sarrafa bugun zuciya tana da ɓarauniyar hanya tsakanin zaure da ɗaki, sai ka ga zuciya ta ɓalle da gudu babu gaira babu dalili.

Wani likitan Jamus, Wilhelm Ebstein, shi ya fara bayyana wannan halitta a rubuce a 1866, bayan ya buɗe gawar wani lebura ɗan shekara 19 da ya rasu a asibitin da yake aiki a Breslau, garin da yau ke cikin Poland da sunan Wrocław. Sunansa cutar ke ɗauke da shi har yanzu. Sai wajajen 1950 aka fara gane ta a jikin mai rai. Ba ta kai ɗaya cikin ɗari na cututtukan zuciyar da ake haihuwa da su ba, kuma ba ta da fuska ɗaya: wani tun a ciki take kashe shi, wani sai ya yi jikoki a gano ta a hoton da aka ɗauka don wani dalili dabam. Da wuya ka sami zukata biyu masu ita da suka yi kama sak. Wannan ne ya sa gyaranta ya gagari gwanaye shekara da shekaru, don ba a yi mata ɗinkin kanti, sai dai a auna kowa a yanka masa nasa.

Hanya mafi sauƙin tunani ita ce a cire lalataccen bawul a sa na ƙira. Christiaan Barnard na Afirka ta Kudu ya ba da rahoton yin haka a 1963, shekara huɗu kafin dashen zuciyar da ya sa duniya ta san shi. Amma bawul na ƙira yana da nasa haraji. Na ƙarfe, a wannan gefen da jini ke tafiya a sanyaye, yana saurin tara gudan jini, mai shi kuma zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa. Wanda aka yi da naman dabba, galibi alade ko tantanin zuciyar saniya, ba ya buƙatar haka, sai dai yana tsufa, ya ƙandare ko ya yage. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke girma. Ka sa wa yaro ɗan shekara huɗu, ka san ka rubuta masa takardar dawowa.

Don haka aka yi ta neman hanyar gyara. Gordon Danielson na asibitin Mayo a Amurka, daga 1972, ya riƙa tsuke bakin ƙofa yana barin babban labulen gaba shi kaɗai ya rufe ta, yana jingina da katanga. Alain Carpentier na Faransa, a 1988, ya nuna ana iya kwance labulen daga inda yake a maido shi bakin ƙofa na asali. Duka biyun sun ceci rayuka da dama. Kuma Mayo ta yi wani abu da nake ganin ya kai tiyatar kanta daraja: ta bi sawun marasa lafiyarta shekara da shekaru, ta fito da lissafi ba tare da ta ɓoye ɗacinsa ba.

A 2008 suka wallafa labarin mutum 539 da aka yi wa aiki tsakanin 1972 da 2006, daga jariri ɗan kwana takwas zuwa dattijo ɗan shekara 79. Bayan shekara biyar, kashi 94 cikin 100 na raye. Bayan goma, kashi 90. Bayan ashirin, kashi 76. Ga cutar da a da take cinye da yawa tun da ƙuruciya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambayoyin bibiya sun ce suna harkokinsu ba tare da wata takura ta a zo a gani ba. Amma akwai wasu lambobi biyu da suka fi tsaya mini a rai. Na farko, 182 kaɗai aka iya gyara wa bawul, 337 sai da aka sauya musu. Na biyu, waɗanda suka kai shekara ashirin suna raye kuma ba a sake buɗe ƙirjinsu ba ba su wuce kashi 46 cikin 100 ba. Ga wanda aka yi wa aikin yana firamare, shekara ashirin ai lokacin aure ne kawai.

A daidai wannan tsakanin, wani likita a Sao Paulo ta Brazil, José Pedro da Silva, yana can yana bin wata hanyar. Tambayarsa mai sauƙi ce: tunda matsalar fiɗa ce da ba ta ƙarasa ba, me zai hana a ƙarasa ta da hannu? A kwance dukkan labulen da ke akwai, komai ƙanƙantarsa, a haɗa su su zagaye ƙofar gaba ɗaya. Abin da ke fitowa daga wannan haɗi yana da siffar mazurari, faffaɗan baki a sama wajen zaure, tsukakken gindi yana kallon ƙasan ɗaki. Daga 1993 ya tsayar da wannan tsari. Faɗarsa ba wuya. Ga yadda yinsa yake.

Tun kafin a shiga ɗakin tiyata an riga an karanta zuciyar da hoton eko, sau da yawa har da na MRI, an ga wane labule ne ke da yadi, wane ne ba shi da shi. In akwai ɓarauniyar hanyar wuta, an fi so a bi ta jijiya da siririn bututu a ƙone ta tukuna, don bayan an yi ɗinki a bakin ƙofa isa gare ta yakan yi wuya. Ranar aiki a tsaga ƙashin ƙirji, a jona mara lafiya da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a ɗura wa zuciya ruwa mai sanyi mai sinadarin fotasiyam ta tsaya cik. Daga nan agogo ya fara ƙirga, don zuciya ba ta jure tsayuwa har abada. A buɗe zauren dama. Likita, sanye da tabarau mai ƙara girman abu, ba ya fara yanka nan take. Sai ya duba, ya ɗaga nan da ɗan ƙugiya, ya ja can da hantsaki, ya gano inda bakin ƙofa na gaskiya yake, wanda aka bari fayau babu labule. Sai ya tuna da maƙwabta biyu da ba a taɓa su. Ɗaya jijiyar da ke shayar da gefen dama na zuciya, tana kwance a bayan bango daidai layin da zai yi ɗinki. Ɗayan wani ɗan ƙulli ne da ido ba ya gani, wanda duk saƙon bugu daga zaure zuwa ɗaki ta cikinsa yake bi. Ana gane mazauninsa ne da alamomin da ke kewaye da shi, wani fili mai kusurwa uku da ake kira da sunan Koch. Allura ɗaya ta nutse a nan, mutum ya koma rayuwa da batirin zuciya.

Sannan fiɗar. Yakan tsaga labulen gaba dab da inda ya manne a sama, ya bi zagaye ta hannun agogo, yana ɗaga labulen yana leƙa bayansa. A can baya akwai ƙananan jijiyoyi da zaren nama da suka ɗinke shi da bango, wasu kamar saƙar gizo, wasu kauri kamar tsoka sosai. Ɗaya bayan ɗaya zai datse su da bakin almakashi, yana gangarawa har ƙasan ɗaki. Ga inda gwaninta take: duk abin da ya riƙe tsakiyar labule a yanke shi, amma abin da ya riƙe bakinsa na ƙasa a bar shi, don shi ne igiyar da za ta hana shi kifewa. A cikin wannan cunkoson zare, bambance na yankewa da na bari ba a littafi ake koyonsa ba. In ya ji tsoro ya bar ɗauri da yawa, labule ba zai taso ya kai bakin ƙofa ba, in ma ya kai zai kasance a ɗame, ɗinki ya ɓalle bayan kwana biyu. In ya zaƙe, ko ya huda labulen, ko ya fasa bangon ɗaki, wanda a wasu wuraren bai fi takarda kauri ba. Masu wannan aiki sun yi ittifaƙi cewa a nan ake cin nasara ko a faɗi, sauran duk biyo baya ne.

Labulen katangar tsakiya shi ne mafi rowa. Sau da yawa ɗan tsiri ne kawai can ƙasa, wanda tsofaffin hanyoyi ba sa ko kallonsa. Mai ɗinkin mazurari ba ya raina shi, yakan ɗaye shi shi ma, don kowane ɗan yadi yana da amfani. In an gama, sai a juya gefen labulen ƙasa ta hannun agogo a kawo shi ya sadu da gefen na katanga, a ɗinke su da zaren da ya fi gashin kai kauri kaɗan. Hujin da ke kusa da sama a toshe shi. In kuma bakin ƙasa ya manne da tsoka ɗoɗar babu mafita, sai a tsattsaga 'yan tagogi a wurin don jini ya sami hanyar shiga ɗaki. Abin mamaki ke nan, a labule guda ana toshe wani huji ana buɗe wani, kuma sanin wanne ne wanne shi ne aikin.

Saura gida. Wancan ɓangaren ɗaki da ya zama zaure, mai sakakken bango, a naɗe shi daga ciki a tsaye, kamar yadda tela ke cin riga in ta yi yawa. Allurar ba ta nutsewa, don jijiyar nan tana baya, in aka tattaro ta cikin ɗinki ta lanƙwashe, an yanke wa tsokar zuciya jini a kan tebur. Bakin ƙofa, wanda shekarun yoyo suka buɗe shi har ya ninka, a tsuke shi daidai bakin mazurari, sannan a ɗinka mazurarin a kansa zagaye guda, ana sassauta hannu in an zo unguwar ƙullin nan. Ga babba akan ƙara zobe don ɗinkin ya sami madogara. Ga ƙaramin yaro akan guje wa cikakken zobe don kada a hana ƙofa girma. Sai gwaji: a cika ɗaki da ruwan gishiri da sirinji. In aiki ya yi, labulen sukan kumburo su haɗe baki, ruwa ya tsaya. In wani wuri na tsiyaya, a ƙara ɗinki ɗaya ko biyu a sake gwadawa. Kafar da ke tsakanin zauruka a rufe ta, amma sau da yawa da gangan ake barin 'yar mafita, don in gefen dama ya cushe a kwanakin farko jini ya sami wurin saucewa.

Dalilin wannan tanadi shi ne wani abu da ke ba iyaye mamaki. Zuciyar da aka gyara takan fi wahala a kwanakin farko. Ɗakin dama ya saba da sauƙi: yana matsawa, rabin kayansa ya koma baya ta buɗaɗɗiyar ƙofa. Yanzu an rufe, dole ya tura komai gaba zuwa huhu, ga shi dama tsokarsa ba lafiyayya ba ce. Shi ya sa ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman suke da rabo babba a sakamakon, suna auna ruwan da za a ƙara da na ragewa, suna lura da bugu dare da rana. In likita ya ga tun a tebur ɗakin ba zai iya ba, akwai dabarar rage masa kaya: a ɗauke babbar jijiyar da ke dawo da jinin kai da hannuwa a jona ta kai tsaye da jijiyar huhu, aikin da ake kira da sunan Glenn. Jinin sama ya wuce abinsa, ɗakin ya ji da na ƙasa kawai.

Da Silva bai yi gaggawar shela ba. Sai a 2007 ya wallafa sakamakon mutum 40 da ya yi wa aikin daga 1993 zuwa 2005: ɗaya ya rasu a asibiti, yoyon ya ragu ƙwarai, kuma a aikin farko babu wanda aka sa wa bawul na ƙira. A wannan shekarar ce Mayo, ƙarƙashin Joseph Dearani, ta rungumi hanyar. Wannan ya burge ni. Asibitin da ya fi kowa yawan masu wannan cuta, yana da tsarinsa na gida mai shekara 35, ya ajiye shi ya ɗauki na wani daga Brazil don ya ga ya fi. Ba kowane gwani ke iya wannan ba. A 2018 suka kawo lissafin mutum 235 da suka yi wa mazurari daga 2007 zuwa 2015. Mutum ɗaya ne ya rasu a farkon lokaci. Goma sha huɗu sai da aka koma da su tiyata tun kafin su yi nisa, abin da ke nuna ɗinkin na iya ɓallewa ko a hannun ƙwararru. Amma waɗanda suka tsallake wannan siraɗi, bayan shekara shida kusan kashi 98 cikin 100 ba su buƙaci a sake taɓa su ba. Hotunan bibiya kuma sun nuna kumburarren gefen dama yana raguwa a hankali.

A nan nake so a yi hattara da murna. Shekara shida ba ashirin ba ce, kuma a tsohon lissafin ma shekarun farko sun yi kyau, sai daga baya layin ya fara gangarowa. Mazurari mafi tsufa a duniya bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, masu irin wannan shekarun kuma 'yan tsiraru ne. Akasarin waɗanda aka yi wa aikin bayan 2007 ne. Dalilan sa rai dai suna da ƙarfi. Labule na haɗuwa da labule ne kamar yadda aka halicci bawul, maimakon labule ya riƙa dukan katanga. Naman mutum ne na kansa, yana da rai, yana girma tare da yaro, ba ya neman maganin tsinka jini na dindindin. In ma ya sake yoyo wata rana, sau da yawa akwai abin da za a sake gyarawa. Amma hukunci na ƙarshe yana hannun yaran da aka yi wa aiki suna shekara uku, ranar da suka kai hamsin.

Kuma akwai abin da allura ba ta kai gare shi. Cutar Ebstein ba ta labule kaɗai ba ce, tsokar ɗakin dama ita ma da naƙasa aka haife ta. Zauren da ya shekara ashirin ko talatin a kumbure ya riga ya yi tabo, tabo kuwa gidan rikicewar bugu ne. Shi ya sa hargitsin bugun zuciya ya kasance abin da ya fi mayar da waɗannan mutane asibiti ko bayan bawul ya zauna lafiya, kuma waɗanda aka yi wa aiki da girma, bayan tsoka ta gaji, sakamakonsu bai kai na yara ba. Wannan ya sauya lissafin lokaci. A da akan ce a jira har sai mutum ya kasa, don abin da za a ba shi bawul ne mai ƙarewa. Yanzu, in yoyon ya yi tsanani kuma ga hannun da ya iya, manyan cibiyoyi sun fi son a gyara tun kafin yaro ya shiga makaranta, ko da yana wasansa kamar ba abin da ke damunsa. Shawara ce mai nauyi a gaya wa uwa a buɗe ƙirjin ɗan da take gani lafiya lau. Wani abin lura kuma, mutane sukan ce sun ji sauƙi sosai bayan aiki, shuɗin leɓe ya tafi, amma in aka ɗora su a keken gwaji aka auna ƙarfinsu, ƙarin ba koyaushe yake kai yadda suke ji ba. Mata da yawa da aka yi wa gyara sun ɗauki ciki sun haihu lafiya, sai dai ciki ne da ake renonsa tare da likitan zuciya tun daga farko.

Duk waɗannan lambobi daga inda ake bibiya suka fito, kuma bibiyar na cikin maganin. Mutum ya dawo a kai a kai a yi masa eko, a ɗaura masa 'yar na'urar da ke naɗar bugu na kwana guda, a kama matsala tun tana ƙarama. Iyalan da suka tara kuɗi suka kai yaro wata ƙasa aka yi masa aiki, suka dawo gida da murna aka yi sadaka, su ne suka fi buƙatar jin wannan. Takardar da likitan fiɗa ya rubuta, mai bayanin abin da ya tarar da abin da ya ɗinka da ko ya bar kafa, ta cancanci a adana ta tare da takardun gida. Likitan da zai ga yaron bayan shekara goma sha biyar ba shi da wata hanyar sanin me ke ciki.

Ƙarancin cutar ma wata matsala ce. Likitan zuciyar yara na iya shekara bai ga fiye da ɗaya ko biyu ba, hannu kuwa ba ya faɗawa da haka. Shi ya sa aikin ya taru a cibiyoyi ƙalilan, masu koyo na tafiya takanas su tsaya bayan gwani su kalli yadda yake riƙe almakashi. Da Silva kansa daga baya ya koma Pittsburgh a Amurka, inda asibitin yara ya buɗe cibiya ta musamman don wannan cuta da sunansa.

Mafi wuyar duka su ne jariran da ke zuwa duniya shuɗi, zuciya ta cika ƙirji ta danne huhu. Wani bincike na 1994 da ya bi mutum 220, da yawansu tun suna ciki ko suna jarirai aka gano su, ya sami kashi 67 cikin 100 ne suka kai shekara guda. A nan wani lokaci gwaninta ita ce a riƙe hannu: jijiyoyin huhun jariri suna sakewa da kansu a makonnin farko, wasu jariran in aka tallafe su da magani da iska sai su farfaɗo, a ɗaga aikin zuwa gaba. Waɗanda ba su farfaɗo ba, Vaughn Starnes ya kawo musu mafita a 1991. A toshe ƙofar gaba ɗaya da faci, a sallami ɗakin dama daga aiki, a kai jini huhu ta wani ɗan bututu. Jariri ya rayu, amma an ɗauka ya hau hanyar rayuwa da ɗaki ɗaya ke nan har abada, hanyar da ke da nata wahalhalu a hanta da hanji in shekaru suka tura.

Sai aka lura da abin da ke faruwa a bayan facin. Ɗakin da aka sallama, da ya huta daga ambaliyar jini, yakan tsuke ya dawo kusa da girmansa, ya daina danne gefen hagu da huhu. Tawagar Pittsburgh ta fara komawa bayan wasu watanni ko 'yan shekaru, ta warware facin, ta tarar da labulen nan suna inda aka bar su, manne da bango, yaron kuma ya yi ƙwari ya iya ɗaukar dogon aiki. Daga nan a ɗauki almakashi a fara daga labulen gaba, ta hannun agogo.